Yadda Ake Liƙa Baƙin Gilashi Mai Araha Kafin Suruki Ya Sauka Dubai

Kai da Allah ya hore wa mota ta hannu a garin nan, kuma labari ya iso maka cewa surukinka na tafe daga Kano saro kaya, matso kusa. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin jirginsa ya koma za a yi maganarka a Kantin Kwari. Salmanu, maƙwabcina a Al Muraqqabat, ya bi su bara, kuma an yi maganarsa sosai.

1. Ka fara raina motarka

Ja da baya ka dube ta da idon suruki. Ta cikin farin gilashi komai a fili yake: kujerar da rana ta cinye, robobin ruwa, da kai kanka kana sharce gumi. Babban mutum ba a ganinsa a mota, zatonsa ake yi.

Salmanu ma'aikacin sito ne a Jebel Ali, yana auren Ramlat, 'yar Alhaji Dikko mai atamfa. Tun ranar ɗaurin aure burinsa ɗaya ne, Alhaji ya yarda cewa bai kai 'yarsa gidan wahala ba.

2. Ka zaɓi leda mai rini

Ledar gilashi iri-iri ce. Akwai siramik mai tare zafi da gaske, wannan ta masu albashi mai nauyi ce, ka yi mata sallama ka wuce. Taka ita ce mai rini, wadda aka tsoma a baƙi kawai aka shanya. Ba ta tare zafi sosai, duhu take bayarwa. To ai duhun ka zo saya. Zafin cikin mota sirri ne tsakaninka da rigarka.

Idan ka tambayi mai shago bambancinsu, zai dafa ƙirji ya ce, "Habibi, sem-sem," wato abokina, duk ɗaya ne. Ka yarda da shi. Kada ka tambayi abin da za ta koma bayan ta sha ranar Dubai. Motocin da kake gani da gilashi ruwan zobo, duk ya yi ƙuraje, su ma da baƙi suka fara.

3. Ka ce a ƙara duhu

Wadda hukuma ta yarda da ita ana iya gane mutum ta cikinta, to ina amfaninta? Nuna ta gaba da ita. Da Salmanu ya kai motar gida, Ramlat ta leƙa ta ce, "Wannan ai kamar an ɗauke wuta a ciki." Ya ce mata ba ta san mota ba.

4. Ka kiyaye sharaɗi

Mai shago zai ɗaga maka yatsa: "Kada ka sauke gilashi sai ta bushe. Shwaiya shwaiya, sannu-sannu. Ka sauke, ta ɓare, khalas, shi ke nan, babu garanti." Ka riƙe wannan fiye da nasihar da aka yi maka ranar aure.

Ka liƙa ana saura 'yan kwanaki Alhaji ya sauka, yadda za ta bushe daidai. Kada ka damu da halin 'yan kasuwar Kano na canza tikiti su sauka da wuri, su zarce otal ɗinsu na Deira shiru, wai don kada su ɗora wa kowa nauyi.

5. Idan ka hango shi, ka gaishe shi daga ciki

Nan ne gwaninta take. Ranar Juma'a, an sauko daga masallaci, Salmanu yana bin wani layi a Deira ledarsa ba ta gama bushewa ba, sai ga Alhaji Dikko, wanda ashe ya sauka da wuri, a bakin titi, cikin rana, tare da abokan kasuwancinsa suna jiran tasi. Alhaji ya gane motar, don Salmanu da kansa ya tura masa hotonta har da lamba. Ya ɗaga hannu yana murmushi, ya ce wa mutanen, "Ga yaron nan, mijin Ramlatu."

Yatsan Salmanu ya kai kan maɓallin gilashi, sai ya tuna babu garanti. Wurin tsayawa babu, na baya sun danna masa hon. Sai ya yi abin da tarbiyya ta koya masa. Ya rusuna har goshinsa ya taɓa sitiyari, ya ce, "Barka da sauka, Baba. Ya hanya? Ya mutanen gida?" Gaisuwa ta cika, babu abin da ya rage.

Abin da Alhaji ya gani kuwa, mota ce mai baƙin gilashi ta rage gudu a gabansa, ta ƙare masa kallo, ta wuce. Hannunsa yana sama a gaban mutane.

6. Ka je ba da haƙuri da hujja a hannu

Kafin la'asar labari ya je Kano ya dawo. Hajiya, matar Alhaji, ta kira Ramlat, Ramlat ta ajiye waya tana hawaye. Salmanu ya garzaya otal ya durƙusa.

"Ba komai, Salmanu," in ji Alhaji. "Dubai ce."

Idan ka ji wannan "ba komai", ka sani da mari ya yi maka da ya fi sauƙi. Kada ka karaya. Ka yi bayanin rini, da bushewa, da garanti. Alhaji ya saurari Salmanu har ya gama, sannan ya ce a je ya ga wannan leda da ta fi gaisuwa tsada.

7. Kada ka bari ya zauna a gaba

Nan Salmanu ya saɓa wa koyarwata. Alhaji ya shiga gaba, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ce, "Ina ake sauke wannan?"

"Baba, bai gama bushewa ba."

Alhaji ya ce, "Shekara da shekaru ina zuwa garin nan, a tasi nake yawo, ina kallon 'ya'yan wasu suna ɗaukar iyayensu. Bana na ce wa mutanen nan ni ma ina da ɗa a Dubai, har da mota. So nake su gan ni a ciki."

Kunya ta kama Salmanu, da tausayi. Ya danna maɓallan gaba ɗaya. Ledar ta kama baki, ta naɗe, ta yage tana ƙara. Haka suka zaga Deira a hankali, iska mai zafi na dukansu, gwiwar hannun Alhaji a waje, yana kiran sunan duk Bakanon da ya hango.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a tarar da ɗan sanda zai rubuta maka, ko kiran da Hajiya za ta yi wa matarka, ko gaisuwar da ta maƙale a cikin mota. Duk wanda ya bi matakan nan shi ya jiyo. Gefen da Alhaji ya zauna kuwa, har yau ledar a yage take. Na yi wa Salmanu tayin raka shi a sake liƙawa, ya ce a bar ta haka. Wannan ma ba ni na koya masa ba.