Yadda Za Ka Shiga Bitar Kawo Sauyi Ka Fito da Kujerarka

Bawan Allah, na san halin da kake ciki. Kai ma'aikaci ne a wani ɗan gidan adana kayan tarihi da ba mai shigowa sai mai neman makewayi ko wanda ruwan sama ya koro. Kana da kujera a bayan dogon kabad ɗin tsofaffin tukwane, ƙarƙashin fanka ɗaya tilo da ke juyawa, inda kai kana hango ƙofa amma na ƙofa ba ya hango ka. Kun daɗe tare, har ta san ƙugunka.

Yanzu Darakta ya gayyato wata ƙwararriya za ta yi muku bita a kan kawo sauyi, da jawo al'umma, da walwalar ma'aikata. Ka kuma ji ƙishin-ƙishin cewa daga nan za a kwashe kujerun lungu a tsayar da kowa a bakin ƙofa yana tarbar baƙi. Kwantar da hankalinka. Na tsufa a cikin bita, ban taɓa barin ko ɗaya ta sauya mini komai ba. Bi waɗannan matakai yadda na jera su, nasara tabbas ce.

Mataki na 1: San inda za ka zauna

Kada ka zauna a gaba, nan ne ake miƙa wa mutum alli. Kada ka zauna a baya, masu bita sun daɗe da gano mutanen baya, can suke fara jefa tambaya. Nemi tsakiya, daidai bayan Akawu, tunda Allah ya hore masa faɗin kafaɗa.

A gefenka kuma ka tabbata akwai Zumuɗi, abokiyar aikin nan taku da ke ɗaga hannu tun kafin a gama tambaya. Ka sha jin haushinta, na sani, amma yau ita ce laimarka. Duk tambayar da ta doso ka, a kanta za ta sauka.

Mataki na 2: Kada ka yi gardama da sauyi

Malama mai bita za ta shigo da fara'a ta ce, "In kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya, ko ba haka ba?" Gyaɗa kai a hankali, kamar wanda maganar ta taɓa wa zuciya. A ranka ka san an ɗauke ka aiki ne don ka hana tsofaffin kaya sauyawa, amma wannan ba zancen faɗa ba ne. Baki shi ke yanka wuya. Akawu zai faɗa, kuma za ka ga yadda Malama za ta kafe shi da ido ta ce, "Madalla, mun samu mai tsoron sauyi. Taso gaba, Malam, mu ji damuwarka." Ka ga laifin baki: Akawu ya shiga uku, kai kuma katangarka ta tashi. Sunkuya.

Za a raba muku 'yan takardu masu manne, kowa ya rubuta burinsa ya liƙa a bango. Rubuta "haɗin kai". Tun da aka fara bita a duniya ba a taɓa kama mutum da laifin haɗin kai ba.

Mataki na 3: Yi tambaya ɗaya mai cin lokaci

Shiru da yawa ma yana jawo ido. Da zarar an shiga zancen jawo al'umma, gyara murya ka ce, "Malama, a gafarce ni, kafin mu yi nisa, wai su wane ne al'umma?"

Shi ke nan, ka gama aikinka. Zumuɗi za ta ce kowa da kowa ne. Akawu zai ce waɗanda suka sayi tikiti ne. Darakta zai ce ai mu ma al'umma ne, wani daga baya ya tambaya ko awakin da ke kwana a barandar gidan suna ciki. Kafin a raba gardama an kawo shayi da biskit. Masu hikima sun ce tambaya rabin ilimi ce, ni kuma na ce wadda ba ta da amsa rabin wuni ce.

Mataki na 4: Rufe ido, amma kada ka tafi

A zaman walwala Malama za ta ce kowa ya rufe ido, ya ja numfashi, ya manta da aiki. Abin nema ya samu. Wannan fagenka ne, sai dai ƙwarewa ma tana da haɗari: sauran suna koyo, kai jikinka ya riga ya san hanya. Ciji harshenka kaɗan. Minshari ɗaya ya isa ya tona asirin shekaru.

Daga nan za a zagaya, kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Kada ka kuskura ka ce ciwon baya da nufin a tausaya a bar maka kujera. Cewa za ta yi yawan zama ne ke kawo shi, ta tsayar da kai nan take kana murɗa ƙugu a gaban Darakta. Yi ajiyar zuciya kawai ka ce, "Sai godiya, Malama." Za ta ɗauka kai mutum ne mai zurfin ciki.

Mataki na 5: Zaɓi baƙon da za ka kawo

Kafin a tashi za ta ba da aikin gida: gobe kowa ya zo da mutum ɗaya daga unguwa wanda bai taɓa shiga gidan ba. A nan ne masu ƙaramin tunani ke faɗuwa. Kada ka kawo abokinka, ya san ka da yawa. Kada ka kawo malamin makaranta, jibi zai dawo da aji guda. Matarka kuwa kada ma ta ji labari, domin ita ce ke dafa maka ruwan zafi kullum saboda gajiyar aiki.

Kawo Gwaggo, yayar mahaifinka. Ba ta son fita, ba ta son hayaniya, gwiwarta na ciwo. Za ta leƙa, ta yi tsaki, ta ce a mai da ita gida. Malama za ta gane da kanta cewa al'umma ba ta da sha'awa, a bar kowa a lungunsa. Wannan dabarar ita ce abin alfaharina.

Mataki na 6: In Gwaggo ta fara magana, kada ka firgita

Mai yiwuwa ne, ban ce dole ba, Gwaggo ta tsaya a gaban akwatin gilashin da aka ajiye dutsen guga na gawayi.

"Ɗan nan," za ta ce maka, "wannan ai irin nawa ne. Me ya yi kuka kulle shi?"

"Kayan tarihi ne, Gwaggo."

"Tarihi? Da shi na goge zanen nan da safe. To ku buɗe gilashin ni ma ku saka ni."

Za a yi dariya. Kai kada ka yi, ja hannunta ka ce direba na jira. Ba za ta motsa ba. Za ta ba su labarin ranar da ta ƙona wa marigayi mijinta rigarsa ta fita da irin wannan dutse, ta ɗora laifin a kan ɓera, shi kuma ya yi shekaru yana ɗana wa ɓeraye tarko. Darakta zai riƙe ciki. Idon Malama zai ciko da ƙwalla, ta ce, "Kun gani? Wannan shi ne abin da nake faɗa muku tun jiya."

Har yanzu komai na tafiya daidai. Gwiwa za ta yi aikinta.

Za ta yi kuwa. Gwaggo za ta dafa bango ta ce, "Wash. A samo mini wurin zama." Darakta da kansa zai jawo kujerar roba yana cewa, "Bismillah, Mama." Za ta dube ta ta ce ita ba 'yar makaranta ba ce. Daga nan za ta ji iska na taɓa mayafinta, ta bi iskar, ta zagaya bayan kabad ɗin tukwane. Abin da zai biyo baya ba sai na faɗa maka ba.

Mataki na 7: Ƙwato kujerarka cikin ladabi

Washegari yi sammako. Za ka tarar Gwaggo ta riga ka hawa kujerar, da ita da ƙawayenta da ƙwaryar saƙarsu, kowacce ta zo ganin abin da aka kulle na zamaninta. Darakta zai tara ku ya sanar cewa an kwashe kujerun lungu duka ban da wannan, domin yanzu sunan wurin Kusurwar Al'umma. Kai kuma, tunda kai ka kawo wannan alheri, kai ne za ka tsaya a bakin ƙofa kana tarbar masu zuwa. Ka ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

Gwada dabara. Ce mata fanka na sa ciwon gwiwa. Za ta ce, "Tawa sauƙi take yi." Ce mata ana ta cigiyarta a gida. Za ta ce, "Mai nemana ya san inda nake."

In duk sun ƙi, sai gaskiya. Je ka durƙusa a gabanta ka gaishe ta, ka tattaro ƙarfin halinka ka ce, "Gwaggo, dama kujerar nan..."

"Na'am?" Za ta ɗago ta dube ka da idon da mahaifinka, da furfurarsa, har yau yake gudu.

"...ko ta yi miki daidai?"

"Ta ɗan lotsa a tsakiya," za ta ce, tana ci gaba da saƙa. "Ka san wani malalaci ne ya daɗe a kanta. Amma za ta yi. Tashi ka je, ga mutane can a ƙofa."

Za ka ji baƙin ciki, ba zan ɓoye maka ba. Za ka wuni a tsaye, ƙafa ta kumbura, kana ce wa jama'a sannu da zuwa, kana jiyo shewar tsofaffi daga lungun da ka fi ƙauna a duniya. Darakta kana iya yi masa gunaguni, Malama mai bita ta kwashe takardunta ta tafi, amma ba a haifi wanda zai ce wa yayar ubansa ta tashi ba.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da alhakin kumburin ƙafa, ko asarar barcin rana, ko yabon da Darakta ke yi maka a bainar jama'a. Ni shawara na bayar, kai ka je ka ɗauko ta a mota. Gwaggonka ce, ka fi ni sanin halinta, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ba na karɓar ƙorafi, a rubuce ko da baki.

In kuma ta tambaye ka wanda ya ba ka wannan dabara don ta zo ta yi godiya, ka ce na yi tafiya. Kada ka kwatanta mata ofishina.