Mai Sanƙo Ya Sace Min Bayani

DNA ba ta fita yawo, ku daina faɗin haka. Tana zaune a tsakiyar ƙwayar halitta, kwafinta ake aikawa waje. Na yi wannan bayanin a bidiyo, daga ni sai ƙanwata muka kalla. Taubashina mai aski, ɗan gwaggona, ya kwashe shi ya yamutsa, yau shi ake kira malam a intanet. Na je shagonsa na same shi yana kakkaɓe inji.

"Sannu ɓarawo."

"Baiwata, kin zo sharar gashi ne? Ga tsintsiya can."

"Wa ya ce maka DNA na fita ta je ta haɗa furotin?"

"Mabiyana ba su yi ƙorafi ba. Naki mabiyan fa? Au, na manta, ta tafi makaranta."

Abin ya sosa min rai, don gaskiya ne.

"Kalli takardar salon askin da ke bangon nan. Kana ɓanɓaro ta in mutum ya zaɓi ɗaya?"

"A'a, hoton wanda ya zaɓa nake ɗauka a waya."

"To haka ne. Akwai wani sinadari da ke buɗe igiyar DNA daidai wurin da ake so, ya kwafe wannan ɓangaren kaɗai. Kwafin shi ne RNA, shi ke fita a yi aiki da shi."

"Wato ku dangin kawu an kwafe baki an manta tsayi."

"Kai dai duba madubi. DNA ɗin haɓarka da ta tsakar kanka iri ɗaya ce. Ƙasa ana ta kwafi, gemu kamar burushi. Sama kuwa an canja shafi, har ƙuda na zamewa."

Wani mutum da ke kan kujerar aski ya yi dariya har tawul ya faɗi.

"Hassada ce ke cinki."

"Ita ce. Wata guda ina karatu, kai ka ci da gemu. Ka goge bidiyon, ko ka faɗa musu bayanina ne."

Ya shafa kansa, ya miƙo min wayarsa yana dariya.

"Yi a shafina. Amma kada ki haska kaina."

Da kan nasa na fara. Ku da kuka yaɗa nasa kuna tafi, ku fito ƙasan nan ku faɗi wanda ya iya.