Rasuwar Gwaggo, Motar da Aka Shayar da Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai nauyin faɗa, iyalan Dogo direba suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, abokan sana'a da tsofaffin fasinjoji rasuwar motarsu ta haya, wadda yaran gida suka laƙaba wa suna Gwaggo. Ta cika ne da hantsi, a kan gada, a tsakiyar cunkoso, bayan jinyar 'yan watanni.

Marigayiyar ba yarinya ba ce. Ta bi hannaye kafin ta zo hannun Dogo, fentinta ya koɗe, ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje, kujerar direba kuma ta lotsa daidai jikin mai ita, ta yadda in wani ya zauna sai ya ji kamar ya sa takalmin aro. Amma shaidar da kowa zai yi mata ita ce ba ta taɓa kunyata maigidanta da safe ba. Ana murɗa makulli sai ta ce kir-kir-kir, gurum, maƙwabta su san gari ya waye. Ita ta ciyar da gidan, ita ta kai yara makaranta, ita ta kai uwarsu asibiti ranar haihuwar auta, ba ta tsaya ko sau ɗaya a hanya ba.

Aibinta ɗaya ne, tana shan mai. Tsufa ne, kuma an daɗe da yafe mata. Sai da mai ya yi tashin gwauron zabo, Dogo ya riƙa wuni a titi ya dawo da abin da bai kai cefane ba, sannan ya fara kallon allurar mai fiye da yadda yake kallon hanya.

Ana cikin haka wani mai jakar hannu ya sauka a tasha, 'yan tasha suna ce masa Injiniya. Ya ajiye kwalba cike da ruwa, da farantan ƙarfe a ciki, ya barbaɗa wani farin gari, ya jona wayoyi da batir. Ruwa ya fara kumfa. Ya ƙyasta ashana a bakin tiyo, aka ji tas. Ya ce wannan iskar haidirojin ce, daga ruwa take fita, in ta shiga inji mota za ta sha rabin man da take sha.

"Ranka ya daɗe," in ji shi ga Dogo, "ga mai a randar gidanka, kana bin layi a rana."

Dogo ya kai maganar wurin ƙanin mahaifiyarsa, tsohon bakanike, wanda ke duba Gwaggo tun zuwanta. Kawu ya goge hannu da tsumma, ya ce:

"Ɗana, wutar da za ta raba ruwan nan daga batir za ta fito. Inji ke cika batir. Shi kuma inji mai yake sha. Ka yanki bargo ta ƙafa ka ɗinka ta kai, ka ce ya ƙara tsawo."

"Kawu, ko kaɗan ya ragu ai ragi ne."

"To ba da hannuna ba."

Injiniya ne ya ɗaura kwalbar da kansa a ƙarƙashin bonet, ya ja tiyo zuwa inda inji ke shaƙar iska, ya kuma matse kabireta don man da ke shiga ya ragu. Kwanakin farko Dogo ya rantse mota ta yi sauƙi. Yana tuƙi a hankali, ba ya danna totur, yana lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai, allura kuwa ta ɗan jinkirta sauka. Ya yabi kwalba a tasha da bakinsa, har wasu abokan aikinsa suka saya saboda maganarsa.

Daga nan jinya ta fara. Fitilun gaba suka dushe. Batir ya riƙa kwana da sanyi. Gwaggo, wadda ba a taɓa turawa ba, ta koma sai yaran gida da maƙwabta sun sa mata hannu, tana oho-oho-oho kamar mai tarin ƙirji. Ta riƙa zafi a hanya, wani farin gishiri ya fito a bakin tiyo yana cin ƙarfe. Uwargida, wadda ba ta san komai a kan inji ba amma ta san abin da ke shiga tukunya, ta faɗa masa a hankali:

"Maigida, zuwanka gidan mai bai ragu ba fa."

Dogo ya ɗauki waya. Ya kira Injiniya, aka ce masa inji ne bai saba ba, ya ƙara gari ya cika ruwa. Ya ƙara, ya cika. Bayan nan lambar ta daina shiga.

Ranar da abin ya faru, Dogo yana ɗauke da fasinjansa na dindindin, wani tsohon malamin makaranta da yake kaiwa wankin ƙoda, tare da 'yarsa. Rana ta fara zafi, motoci sun cushe a kan gada, ruwan kwalba ya tafasa ya bi tiyo ya gangara cikin inji. Gwaggo ta ce ƙwas-ƙwas-ƙwas, ta ce gau, ta yi shiru. Dogo ya murɗa makulli, ya sake murɗawa. Ko numfashi babu.

A kan babur aka ɗora tsohon, ƙafafunsa a kumbure, 'yarsa ta riƙe shi ta baya. Kafin su isa asibiti an ba wani gurbinsa, sai yamma aka samu dama, bayan ya galabaita. Washegari 'yar ta kira Dogo. Ta ce ba su riƙe shi a zuciya ba, amma jikin Baba ba zai jure irin wannan sau biyu ba, sun nemi wata motar.

Da Kawu ya buɗe injin, ya tarar da sandar da ke riƙe da fistan ta lanƙwashe, fistan ɗin ya ƙone, tsatsa ta ci ciki. Gyaran ya fi ƙarfin motar, ya fi ƙarfin mai ita. Bai tuna wa ɗan 'yar'uwarsa maganar da suka yi ba. Ya mayar da bonet ya rufe, ya ce, "Allah Ya mayar da alheri." Dogo ya tsuguna a gefen taya, ya daɗe a wurin.

Marigayiyar ta rasu ta bar maigidanta, wanda yanzu yake fita neman motar wani da zai ja. Da uwargida, wadda ta koma wankau. Da yara masu tafiya makaranta a ƙafa. Da abokan tasha da suka cire nasu kwalaben, suna gaisawa da Dogo a tsaitsaye. Ta kuma bar jak, da safayar taya. An ji labarin Injiniya a wata tashar, da jakarsa da ashanarsa, cikin ƙoshin lafiya.

Za a yi bankwana da ita ranar Asabar da safe a garejin Kawu. Za a cire tayoyi da gilasai da duk abin da zai amfani wata motar, sauran kuma 'yan gwangwan za su ɗora a sikeli. Iyalai suna roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su tambayi man da aka rage, kada kuma su kawo labarin wata sabuwar dabara. Za a zauna a ƙofar gida, inda take kwana. Kowa ya zo da abin hawansa, domin babu mai mayar da shi gida.