Ranar da Kwamfuta Ta Ba Ni Auren Gwaggona

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, ba na jin zan manta da ranar da na gabatar da aikina na aji huɗu a jami'a, nan Jos. Kwas ne na koya wa kwamfuta tunani: ka zuba mata bayanai, ka ba ta ƙa'idoji, ita kuma ta yanke hukunci. Na taɓa faɗuwa kwas ɗin sau ɗaya. In na sake, abokaina su wuce bautar ƙasa, ni in ƙara shekara guda ina jigila daga Anguwan Rogo.

Kowa ya zaɓi abu mai sauƙi. Ni kuwa, sarkin iyayi, na ce zan gina manhajar da za ta san danginmu kaf, har ta faɗi wa ya halatta ya auri wa ta fuskar zumunta. Na je wurin Kaka, mahaifiyar Babana, tana lissafo 'ya'ya da jikoki ina rubutawa. Na kwafe su cikin kwamfuta yadda ta faɗa, na ƙara gidanmu da kaina, na gwada sunaye biyu-uku na ga daidai, na rufe. (Har alkawari na yi wa wani ɗan ajinmu zan duba masa nasa, don ku san inda kaina ya kai.)

Ranar gabatarwa aka haska aikina a bango. Malamarmu, wata Dakta 'yar asalin Filato da ba a cika ganin haƙoranta ba, ta ce in tambayi manhajar wa ni kaina zan iya aura. Na buga cikin ƙasaita. Sunayen 'ya'yan baffannina suka fara sauka, aji na ta shewa. Sai ga na ƙarshe: Gwaggo Asabe.

Gwaggo Asabe ƙanwar Babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya, mai atamfofi a kasuwar Bukuru. Ita ta goya ni. Dakta ta tambayi ko wace ce, na faɗa ƙasa-ƙasa, amma na gaba suka ji suka isar wa na baya. Wani daga can ƙarshe ya ce, "Oga ango, yaushe ne biki?" Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Dakta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ƙa'idarka daidai take. Inji ba ya ƙarya. Nemo abin da ba ka gaya masa ba cikin minti biyar, in ba haka ba mu haɗu baɗi."

Na nemi jerin 'ya'yan Kaka. Su shida suka fito, babu Baba. Nan na tuna: Baba ɗan fari ne, tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakin Kaka ba. Daga na biyu ta fara lissafi, ni kuma na biyo ta ido rufe. Ita kuwa manhajar, duk abin da ba a gaya mata ba, a wurinta babu shi. Ke nan Baba ba shi da uwa, Gwaggo kuma bare ce.

Na yi wa aji bayani, na ƙara layi ɗaya, sunan Gwaggo ya ɓace. Sai ga haƙoran Dakta. Ta ce abin da ta yi zango guda tana faɗa ke nan, ta kuma nemi izinin yin misali da ni duk shekara. Na ci kwas ɗin da ƙyar, amma ban taɓa jin daɗin wani maki kamarsa ba.

Da na ba Kaka labari, cewa ta yi, "To ni zan faɗi sunansa? Ita abar taku ba ta da kunya ne?"

Ba ta da ita kam. Tun daga ranar, inda manya suka yi shiru nan nake fara dubawa. Gwaggo kuwa har yau ba ta san dalilin da nake sunkuyar da kai in na gaishe ta ba. Ta ɗauka jami'a ce ta ƙara min ladabi.