Farfesan Fulogi

Duk wanda ya ratsa Birnin Kudu bai tsaya ya kwashi gaisuwa wurin Injiniya Balarabe ba, ya yi asarar tafiya. Sauran kanikawa gyaran mota suke yi, shi kuwa duba ta yake yi, irin na likita. Tun da ya je wata bita a Kano, wadda mahassada ke cewa wajen rabon lemo ya fi halarta, ya dawo da farar riga har gwiwa da tabarau marar magani, ya haramta a kira shi bakanike. 'Yan tasha suka laƙaba masa Farfesan Fulogi don shaƙiyanci. Shi kuma, da yake mutum ne mai karɓar girma duk inda ya faɗo, ya sa aka rubuta masa a allon gareji da jan fenti. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Wata Asabar da hantsi, ƙaddara ta koro masa Hajiya Batulu, mai girkin biki. An ba ta aikin abincin walimar saukar karatu a Gwaram, aikin da ya fi kowanne girma tun da ta fara sana'ar. Kulolin shinkafa da waina da miyar taushe sun cika bayan motar, mijinta Malam Sabo na tuƙi. Motar ba abin da ya same ta sai ɗan tari da fizga.

"Injiniya, ina jin fulogi ne," in ji Malam Sabo. "A canza mana shi mu wuce, ana jiran mu kafin azahar."

Farfesa ya dube shi ta saman tabarau, irin kallon da alƙali ke yi wa ɓarawon akuya.

"Malam, ka ji matsalar ƙasar nan ke nan. Kowa likita ne. Inji halitta ce mai zuciya da huhu. Ni ba na canza fulogi, dashe nake yi."

Ya kara kunne a jikin motar, ya lumshe ido, ya girgiza kai, ya yi salati. Bayan dogon nazari, ilimi ya bayyana masa cewa fulogi ne.

Inji na tiriri, bai jira ya huce ba, don jira na masu shakka ne. Ya kwance tsoho, ya cusa sabo a karkace, idonsa na kan masu shan rake da suka taru kallo, yana yi musu bayanin yadda Jafanawa ke kuskure. Fulogi ya cije. Da ƙaramin bakanike ne, da ya warware ya sake daidaitawa. Farfesa ba ƙarami ba ne. Ya zura bututun ƙarfe a sifana, ya taka taya, ya ja da ƙarfin da Allah Ya ba shi. Aka ji ƙaras! Sai sifana ta yi laushi, tana juyawa kamar muciya a kunu. Zaren da aka sassaƙa a cikin ramin, wanda ke riƙe fulogi, ya cinye tas.

"Alhamdu lillahi!" in ji Farfesa, yana share gumi. "Na gano ɓoyayyar cuta. Da kun wuce da ita, sai dai a ji labarinku a Maruta, tun ba ku kai Gwaram ba."

Hajiya ta leƙo ta taga. "Injiniya, lafiya? Da ƙafarta fa ta zo."

"Hajiya, da ƙafarsa maras lafiya ke zuwa asibiti. Tiyata za mu shiga."

Ya ɗauko wani ɗan akwati da ya sayo a Kano, wanda ko ledarsa ba a taɓa ɓarewa ba. A ciki akwai ƙarfen yanka sabon zare da zoben waya da ake murɗawa a ramin don fulogi ya sami abin kamawa. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani, kamar sabon jariri. Ko a jikin kwalin an zana hannu yana shafa wa ƙarfen giris, don ɓarɓashi ya manne kada ya zuba cikin inji. Amma giris baƙi ne, riga kuma fara ce. Farfesa ya zaɓi riga. Ya yi ta murɗawa a bushe, garin ƙarfe na gangarawa ciki kamar ana barbaɗa yaji, shi kuwa yana lacca.

"Wannan aikin, daga nan har Bauchi, mutum biyu ne suka iya shi. Ɗayan ya rasu."

Rana ta take. Wayar Hajiya ta yi ta kuka, masu walima na tambaya, tana cewa ga su nan a hanya. Ƙamshin miya ya fara canza hali. Malam Sabo ya koma gindin darbejiya yana jan carbi, ya rasa addu'ar da ta dace.

Can Farfesa ya miƙe, ya kaɗe hannu. "Malam, tayar. Jama'a, ku yi shiru ku ji sautin ilimi."

Mota ta tashi. Ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a injin markaɗe. Sai fau! Fulogi ya yi tsalle da zobensa, ya lotsa murfin inji, ya wuce ta gefen kunnen Farfesa. Masu rake suka watse. Kafin hayaƙi ya lafa, an hango gwanin a bayan tulin tayoyi, takalmi ɗaya a ƙafa. Motar ta yi atishawa ta yi shiru, irin shirun da ba a tashi.

Ya fito yana gyara tabarau. "Kun gani? Jikinta ne ya ƙi karɓar dashe. Ƙarfen zamani ba shi da tarbiyya."

Hajiya ta tare motar ɗaukar buhuna, aka loda kuloli, ta hau gaba tana share ido da gefen mayafi. Ta isa Gwaram bayan la'asar, baƙi sun watse da yunwa, waina ta yi tauri. Garin neman gira an rasa ido.

Motar kuwa tana nan gaban gareji har yau, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kujerar baya. Duk baƙon da ya tsaya, Farfesa zai nuna ta da sifana, ƙirji a gaba.

"Ka ga waccan? Ta manyan mutane ce. Tun da na sa mata hannu, ba bakaniken da ya isa ya taɓa ta."

Nan kam gaskiya ya faɗa. An kawo uku sun leƙa, kowanne ya yi wa Malam Sabo ta'aziyya ya tafi.