Esin Darakta

A duk layinmu babu wanda ya kai Darakta sanin darajar kansa, kuma dole a yaba masa, don shi kaɗai yake ɗauke da wannan nauyi ba mai taya shi. A matsayin mataimakin mataimakin darakta ya yi ritaya. Amma da yake mutum ne mai tausayin bakin jama'a, sai ya rage mana wahala, ya yar da kalmomi biyun farko.

Da ya bar aiki, ya ga bai kamata basira irin tasa ta zauna haka kawai ba. Ya rushe garejin gidansa ya ɗora bene. Ƙasa ya mayar wurin aikin kafinta: zarto iri-iri, guduma manya da ƙanana, injin yanka katako, duk suna sheƙi, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Kujera ɗaya ya taɓa haɗawa, ita ma sai an jingina ta da bango take iya tsayuwa. Sama kuwa ofis ne. Ya hana a yi silin, wai yana ɓoye tsayin gini, sai kwano tsirara a kan mutum. Bangon yamma gaba ɗaya gilashi ne, don mai wucewa a titi ya gan shi yana tunani. Matakala kuma ba ƙofa, saboda muryarsa ta riƙa sauka ba tare da an tare ta ba.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: shugabancin ƙungiyar mazauna layi. Kujerar nan ta tsaya masa a rai har ya rame. Abin haushi, abokin takararsa Mai Kemis ne, mutumin da ba shi da wata bajinta sai amsa gaisuwa da zuwa dubiya. Darakta ya nemi a yi taron zaɓe a ofishinsa, aka amince. Dabararsa ita ce mutane su fito daga zafin titi su shigo cikin sanyinsa, su gane da jikinsu wanda ya dace ya shugabance su.

Sai ya tafi sayen esi, na'urar sanyaya ɗaki, irin mai kai biyu ɗin nan, ɗaya a bangon ɗaki ɗaya a waje. Mai shago ya fara tambayoyin da aka saba: faɗin ɗaki, tsayinsa, irin rufin, inda rana take bugawa. Darakta ya cire tabarau ya dube shi sama da ƙasa.

"Malam, ɗaki za ka sanyaya ko ni? Ɗaki ba ya jin zafi. Mutum ake aunawa, ga shi kuma a gabanka. Wacce ce babbarsu a nan?"

Mai shago ya ga ciniki ya zo da ƙafarsa, ya haɗiye sauran tambayoyinsa. "Ranka ya daɗe, ai tun shigowarka na san ƙarama ba ta dace da kai ba." Ya nuna masa wata ƙatuwa da ake sawa a zauren taro. Darakta ya ce ta sama ke nan. Ta ƙasa kuwa ya zaɓi 'yar mitsitsiya, ya ce ko a ofis ba a haɗa darakta da masinja a kujera iri ɗaya, balle a iska.

Ranar sawa, shi ya nuna wurin babbar da kansa: daidai saman bakin matakala, ta fuskanci ƙasa, yadda duk mai hawowa da ita zai fara gaisawa kafin ya gaida mai ita.

To, iska ba ta taɓa aikin gwamnati ba, ba ta san muƙami ba. Mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa take yi. Mai zafi kuma sama take nema. Ƙatuwar esi ta riƙa hura sanyi da iya ƙarfinta, sanyin yana bin matakala yana sauka kamar an aike shi. Zafin ƙasa ya hau ya tarar da na kwano da na gilashi, suka haɗu a kan teburin Darakta. In ya ji gumi sai ya ƙara danna rimot, ƙasa ta ƙara sanyi.

Kyanwar gidan ce ta fara ganewa, ta tare a gindin matakala. Uwargida ta biyo baya da keken ɗinkinta, ba ta taɓa ma kunna ƙaramar esin ba. Da ta ce masa, "Maigida, ko dai a sa ƙofa a matakalar nan?" sai ya yi mata dariyar manya.

"Ke da ɗinki kika sani. Babban inji sai ya saba da ɗaki tukuna. Wannan ɗumin da kike ji alamar ƙarfi ce."

Uwargida ta ce Allah ya ƙara ƙarfi, ta sauka ta yafa mayafi.

Ranar zaɓe, da la'asar, rana ta daidaita da gilashin nan kamar da ita aka shirya taron. Mutanen layi suka shigo ta ƙasa, sanyi ya ratsa su, kowa yana ta sa albarka. Suka hau matakala iska tana kaɗa musu riguna. Suna wuce bakinta, sai suka ji kamar an buɗe musu murfin tukunya. Darakta na tsaye cikin kwat, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya nuna esin da rimot.

"Jama'a, ku dubi wannan. Haka nake tafiyar da al'amurana. Ba na yin abu ƙarami. Layin nan ya daɗe a hannun masu ƙaramin tunani, lokaci ya yi da za a auna komai da babban ma'auni."

Ya shiga tarihin ofisoshin da ya zauna. Tela ya ce bari ya amsa waya, ya sauka. Direban makaranta ya tuna yana son ganin injin katako. Mai Kemis ya raka wani dattijo da jiri ya fara ɗiba, bai dawo ba. Darakta bai lura ba, don ya juya wajen gilashi yana nuna titi da hannu, yana zana inda zai kafa allon sunan shugaba. Can sai tafi ya tashi daga ƙasa. Ransa ya yi fari ƙal, ya ɗaga murya.

"Na gode, na gode! Ku bari in ƙarasa!"

Da ya juyo, kujeru ne kawai suke saurarensa. Ya leƙa ta matakala. Ga jama'a zaune a kan katakai da teburin aiki, an miƙe ƙafafu, ana ta hira da dariya, ana yi wa Mai Kemis murna. An ƙirga hannu an gama. Ko kiransa ba a yi ba, wai kada a katse masa jawabi.

Sabon shugaba ya ɗago kai cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, ba a manta da kai ba. Jama'a sun amince baki ɗaya, daga yau duk taronmu a nan ƙasa za a riƙa yi. Roƙonmu ɗaya ne: ka riƙa zama a sama kana kunna mana."