Ranar da Na Roƙi Kwamfuta Ta Rufa Mini Asiri

Ko me zan manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da manoman unguwarmu suka kawo mini oba-oba ba. Lokacin an katse layukan waya a Birnin Gwari, ga masara ta isa girbi a gonakin bakin daji, kuma ba mai son shiga can babu hanyar sanar da 'yan'uwa idan an hango baƙin babura. Sai suka sayo oba-oba, wato rediyon hannu irin na 'yan sanda, mai sayarwa ya ce sai an jona su da kwamfuta an saita su kan tasha ɗaya.

Wa zai saita? Ni mana, da ake kira Injiniya (alhali katin biki kawai nake bugawa). Na ɗauki guda ɗaya, na ce su zauna a waje, yanzun nan zan gama.

Na jona ta da kwamfuta, na saka faifan da ya zo da su, na danna manhajar da ke ciki. 'Yar da'irar nan ta juya, ta juya, ta ɓace. Na kashe kwamfutar na kunna. Na cire manhajar na sake sakawa. Har ramin da ake soka waya na hura kamar mai hura wuta. Shiru. Ga babu intanet balle in sauke wata, ga hanyar Kaduna ba a binta da wasa. Gumi ya jiƙa mini riga, su kuwa dattawa suna waje suna ta kunna sauran suna jujjuyawa.

Na zare oba-obar, na damƙe ta a hannu don haushi, na shiga lallashin kwamfuta: "Haba 'yar albarka, ki rufa mini asiri! Wallahi ban san komai a kan abin nan ba, cika baki ne kawai. In kika buɗe, na daina ɗora miki kofin shayi."

Ina sassauta hannu sai muryar Baba Sarkin Noma ta fito tar daga cikinta: "Injiniya, muna jinka. Allah Ya sa ta amsa." Dariya ta ɓarke a waje.

Ashe maɓallin magana na danne, kuma ashe tun daga kamfani tasharsu ɗaya! Na ji kunya kamar in nutse, amma wallahi sanyin da ya ratsa zuciyata ya fi kunyar. Washegari aka shiga gona, aka fito da masara lafiya.

Manhajar dai har yau ba ta buɗe ba. Ni kuwa na ɗauki darasi: kafin ka ce za ka gyara abu, fara kunna shi tukuna. In kuma gaskiya ta taso maka, duba abin da ke hannunka.